Ƙarar da Na Kai wa Mutanen Banki

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta, da wata Talata da na miƙe tsaye gaban mutum sun fi ɗari na ɗaga murya. Ni ɗin nan fa. Ni da malami zai kira sunana a aji in ji kamar in shige ƙarƙashin benci, ni da na shekara uku a jami'a a Gubi babu wanda ya san yadda muryata take in ban da 'yan ɗakinmu da matar da ke sayar mana da masa a bakin ƙofa. Sau ɗaya tak na yi jarumta a rayuwata, kuma har yau in na tuna ta ina cikin cin abinci sai na ajiye cokali.

Ga yadda aka yi. Ina aji uku ƙawata Rifkatu ta ja ni cikin wata ƙaramar ƙungiyar mata ta sa-kai, mai ofis ɗaki biyu a Fadaman Mada. Shugabarmu ita ce Hajiya Asabe, tsohuwar shugabar makarantar firamare, irin matan nan da ko gaisuwa suka yi maka sai ka ji kamar ka yi laifi. A lokacin wani babban bankin raya ƙasashe na waje ya ba da rance an haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola a unguwannin gefen gari. Cikin sharuɗɗan rancen akwai cewa dole ƙungiyoyin farar hula su sa ido: su shiga cikin jama'a, su ji ta bakinsu, su kawo rahoto. Ƙungiyarmu na cikin waɗanda aka ɗauka.

Wannan sharaɗin ne ya kama ni. Na nemo takardun aikin na karanta su kaf (har da ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi, waɗanda na tabbata ko wanda ya rubuta su bai sake waiwayarsu ba). An rubuta cewa muryar talaka ce ginshiƙin aikin. An rubuta cewa Banki na son jin gaskiya komai ɗacinta. Ni kuma ina da wata cuta tun ina ƙarama: duk abin da na ga an buga shi a takarda, da tambari a sama, to ya zauna. In mutum ya faɗa mini da baki ina iya shakka. In injin buga takarda ya faɗa mini, magana ta ƙare.

Aka ba ni unguwannin da ke bayan Miri, domin ni mace ce, zan iya shiga gidajen da aka rubuta wa "ba shiga", inda masu ɗebo ruwan na gaskiya suke. Na sayi littafi mai baƙin bango, na ja layuka da rula. Asabar shida ina hawa acaɓa ina zuwa. Rijiya goma sha biyu aka ce an yi a yankin, kuma duk na same su tsaye da tankunansu a sama, fenti fes, da allo a gefe ɗauke da sunan aikin. Biyar na kawo ruwa. Sauran bakwai ɗin ƙadangaru ne kawai ke morar su, suna shan rana a kan siminti.

Ban tsaya a "ba ya aiki" ba, ai wannan rubutun malalata ne. Kowane famfo na ba shi shafi uku: lokacin da ya tsaya, abin da mata suka ce ya same shi, inda suke zuwa ɗebo ruwa yanzu, da tsawon tafiyar (na bi su da ƙafata ina duba agogo). Kuma don kada mutanen Banki su sha wahalar nema, sai na rubuta kwatance dalla-dalla. A wuce injin niƙa, a karya hagu wajen kuka mai rami, famfon na bayan gida mai jan ƙyaure. Har taswira na zana, da biro kala uku. Na yi alfahari da taswirar nan ƙwarai.

A famfo na huɗu na haɗu da Goggo Dije. Tsohuwa ce mai kaifin baki, ita ta ba da kusurwar gonarta kyauta aka haƙa rijiyar, ta sha ruwanta sati uku ya ɗauke. Da na yi sallama na ce daga ƙungiya nake, ko ɗago kai ba ta yi ba daga gyaɗar da take ɓarewa.

"Wata mai biro ce kuma? Ku dai ba kwa gajiya. Kwanaki wani ya zo da riga mai aljihu goma, ya ɗauke ni hoto ina riƙe da bokiti, bokitin ma shi ya zo da abinsa. Ke me kika zo ɗauka?"

Na ce magana kawai, Goggo.

"Maganar ce ba ni da ita. Ɗana Lawal shi ke gadin kayan ɗan kwangilar da ya haƙa rijiyar. In na buɗe baki aka ji, wa zai ciyar da yaransa? Ke?"

Sai da na je sau uku, ina zama ina taya ta ɓarar gyaɗa ba na cewa komai (a wannan fannin dai ba a fi ni ba), kafin ta saki jiki. Ta gaya mini yadda aka zo aka zare injin da ke cikin rijiyar aka ce za a kai gyara, ba a dawo da shi ba. Ta aika aka kira matan maƙwabta, su ma suka faɗi nasu. Da zan tafi ta riƙe mini gefen hijabi.

"Sunana kar ya faɗa kunnen kowa sai masu kuɗin da kansu. Ba na Bauchi ba, waɗanda suka zo a jirgi. Kin ji ko, 'yar nan?"

Na ce na ji, na yi alkawari. Har hannu na ɗora a ƙirji don tsabar iyayi.

Na kai wa Hajiya Asabe littafin. Ta sa tabarau ta karanta shi daga bango zuwa bango. Da ta gama ta rufe ta dube ni.

"Wa ya gani bayan ni?"

"Babu kowa, Hajiya."

"To ki adana shi kamar takardar gidanku. Rahoton da za a kai ofishin aikin ni zan rubuta."

Ofishin aikin shi ne ke kula da kwangilolin a nan gida, shugabansa wani Injiniya Sale, wanda ban taɓa gani ba sai dai sa hannunsa a ƙasan takardu. Bayan kwana biyu na ga rahoton Hajiya a kan tebur. Shafi biyu da rabi. Famfunana bakwai, da matan da ke tafiyar awa guda da jarka a ka, da Asabar ɗina shida, duk sun koma layi ɗaya: "Akwai 'yan ƙalubale a wasu wurare." 'Yan ƙalubale! Na karanta layin nan sau biyar.

Mai hankali zai je ya tambaye ta dalili. Ni ban tambaya ba. Mu masu kunya haka muke, ba mu iya tambaya ba amma mun iya yanke hukunci. A cikin keke, kafin in kai Gubi, na gurfanar da Hajiya, na saurari shaidu, na same ta da laifin cin amana. An saye ta, na ce. Na shiga guruf ɗinmu na waya na kashe masa ƙara. Dama ya ishe ni, don Hajiya ba ta rubutu, saƙon murya take turowa, minti bakwai, minti tara, rabinsa gaisuwa da addu'a, ana jin ƙarar tukwane a bayanta.

Sai ga takardar gayyata, bugaggiya, da tambari: taron kwana biyu na masu ruwa da tsaki tare da tawagar Banki, Talata da Laraba, a ɗakin taron wani otal. Na ce alhamdulillahi. Tunda manya sun sayar da mu, ni zan yi magana, kuma a ranar farko, kafin a samu damar rufe mini baki. Na rubuta jawabi da Turanci na gyara shi sau tara. Na dinga zuwa bayan ɗakin lakca da rana ina karanta wa bishiyoyin dogonyaro. Har inda zan tsaya in ja numfashi na sa masa alama da jan biro.

Ranar Talata muna da jarrabawar aji da ƙarfe takwas, don haka ban isa otal ɗin ba sai sha ɗaya saura. An riga an fara. Na sulale na zauna a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, mazaunina na kullum a duk ɗakin da na shiga.

Komai ya zo daidai da yadda na zana a raina. Ƙyalle a bango da sunan aikin. Ruwan gora a jere. Masu unguwanni a layin gaba, matan unguwanni a gefe cikin anko, ƙungiyoyi irin tamu a tsakiya. A babban tebur mutum uku, gaban kowanne an jingina kati an rubuta BANKI. Na tsakiyar baƙar fata ne cikin kwat, da kati rataye a wuya, da kwamfuta buɗe a gabansa, yana Turanci ta hanci. Wani jahilin zai ce ai wannan ba Bature ba ne. Ni kuwa na karanta takardu, na san Bankin na da ma'aikata daga kowace ƙasa, har na ji daɗin kaina da ban yi wannan ƙauyancin ba. Na ƙare masa kallo na yanke cewa ɗan Kenya ne.

Yanzu da nake tunawa, alamun sun isa su tayar da mai barci. Wani mutum mai farar shadda yana zagayawa da makirufo yana duba agogo, shi ke nuna wanda zai yi magana. Na ce mai gabatarwa ne. Wata mata ta miƙe ta ce tun da aka kawo famfo yaranta ba su ƙara ciwon ciki ba, sai mai shaddar ya ce, "A'a Hajiya, kin yi sauri. Sake, ki dubi baƙon, ki ɗan yi murmushi." Ta sake. Na ce saboda mai ɗaukar hoto ne. Wani dattijo ya manta abin da zai ce, ya buɗe tafin hannunsa ya leƙa wata 'yar takarda. Na ce tsufa ne. Matar da ke gefen ɗan Kenya a babban tebur ta cire takalmi tana danna waya tana tauna cingam. Na ce ku ga raini, sun zo ƙasarmu ko sauraronmu ba sa yi. Wannan ma sai ya ƙara mini wuta.

Can sai mai shaddar ya ce, "To, a nan ne baƙi za su tambaya ko akwai mai ƙorafi. Akwai?" Yana dariya ya faɗa, har ya fara juya shafi.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na bi tsakiyar ɗakin har gaba, littafi a ƙirji. Na hango Rifkatu kusa da Hajiya tana kaɗa mini hannu bibbiyu, idanu waje. Na ɗauka ƙarfafa ni take yi, na gyaɗa mata kai irin na "kar ki damu, zan iya." Hajiya kuma ta ɗan yunƙura ta ce, "Ke! Zo nan tukuna." Na ce a raina, ai kuwa, maciya amana ta tsorata. Na wuce ta kamar ban ji ba.

Mai shaddar ya miƙo mini makirufo. Layin farko muryata ta fito kamar ta kyanwar da aka taka. A na biyu ta ɗan tsaya. A na uku wani abu ya ɓalle mini wanda ban san ina da shi ba. Na saki takardar jawabin da duk jan bironta, na dubi ɗan Kenya ido cikin ido. Na ce masa ƙarya ake shirga muku. Na ce duk matan nan an rubuta musu abin da za su faɗa ne. Na ce rancen nan ba kyauta ba ne, mu da 'ya'yan da ba mu haifa ba za mu biya, ruwan da ba mu sha ba. Na ce ku ma kuna da laifi, kuna aiko da sanarwa wata guda kafin ku zo, a kai ku inda aka share, ku sha shayi ku koma jirgi, sannan ku rubuta wai kun tuntuɓi jama'a. Turanci ya ƙare mini na koma Hausa, na sake komawa Turanci. Na buɗe littafi na jero famfuna bakwai ɗaya bayan ɗaya. Na ce akwai wani Injiniya Sale, ban san shi ba, amma duk inda yake ya ji tsoron Allah. Da na zo kan famfo na huɗu kuwa, tunda ga masu kuɗin da kansu a gabana, waɗanda suka zo a jirgi, sai na sauke amana: na faɗi sunan Goggo Dije, na karanta maganarta kalma da kalma.

Sannan na taka har babban tebur na ajiye littafin gaban mutumin da hannu biyu. Na ce, "Yallaɓai, wannan amanar mata ce. Don Allah kada ka bari ya shiga hannun 'yan ofishin aikin."

Na tsaya ina haki, ina jin kaina kamar wata daga cikin matan da ake koya mana a darasin tarihi.

Ɗan Kenya ya dubi littafin, ya dube ni. Kumatunsa suka fara motsi. Sai ya kifa kai a kan kwamfutar ya fashe da dariya, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago yana share hawaye da Hausa ya yi magana, irin Hausar 'yan Kudu da suka daɗe a Bauchi.

"Kai yarinya! Wallahi ka kashe ni. Ni ne Banki? Ni Bassey ne fa, na ofishin aiki, ni ne mai kula da motoci. Oga ya ce in sa kwat in zauna nan in yi Turanci. Banki sai gobe zai zo. Yau gwaji ne muna yi!"

Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Masu unguwanni na dariya a cikin hannun riga, matan anko na dukan juna. Mai cingam har ta shaƙe. Bassey ya juya wajen mai farar shadda ya ce, "Oga, ka ji ko? An ce ka ji tsoron Allah."

Mai shaddar bai yi dariya ba, murmushi kawai ya yi, kuma da dariyar ya yi da ta fi mini sauƙi. Ya zo ya ɗauki littafin daga teburin, ya buɗe, ya juya shafuka a hankali. Ya daɗe a kan taswirar.

"Ni ne Injiniya Salen da ba ki sani ba," ya ce. "Sannu da ƙoƙari, 'yata. Kai, rubutunki da kyau. Jama'a, ku tafa mata mana. Ai amfanin gwaji ke nan, a gano inda ke da gyara."

Suka tafa. Ya maƙale littafin a hammata. Muryar kyanwar ta dawo mini, na ce, "Yallaɓai, littafin nawa..."

"Ai kin ba Banki," ya ce. "Banki kuma ya ba ni."

Ban san ta wace ƙofa na fita ba. Hajiya Asabe dai ta same ni a bayan janareta, wajen da ake ajiye motoci, Rifkatu na biye da ita. Na runtse ido ina jiran tsawa. Sai ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni wayarki." Ta buɗe guruf ɗin, ta nemo saƙonta na ranar Lahadi, minti tara, ba a taɓa shi ba. Ta danna ta ɗora mini a kunne, ta riƙe da hannunta har ya ƙare. Minti huɗun farko gaisuwa ce. A na biyar na ji muryarta tana cewa Talata gwaji ne, 'yan ofis ne kawai, kowa ya yi shiru ya tafa inda ake tafawa. "Ke kuma mai littafi, kar ki kuskura ki zo da shi Talata. Ranar Laraba in an fita shan shayi, akwai wata mata a tawagar, na san ta tun wani aikin, tana saurare. Zan ja ta gefe ki miƙa mata hannu da hannu."

Hajiya ta sauke wayar. "Kin ɗauka ni mahaukaciya ce, zan rubuta famfo bakwai in kai wa wanda ya sa hannu an gama su lafiya? Kin san shekara nawa nake wannan aikin? In gaskiya ta bi ta ofishinsu, gobe su cire mu daga jeri su sa ƙungiyar ƙanwar matarsu. A makirufo godiya ake yi. Gaskiya a wajen shayi ake faɗarta, da kofi a hannu, ana murmushi kamar ana hirar biki. Ke da kike karanta takarda har ƙasanta, minti tara ne ya gagare ki?"

"Ni kuma ina ta yi miki hannu kamar mai tsayar da tirela," in ji Rifkatu, "ke kina gyaɗa mini kai! Wai me kika ɗauka nake cewa?"

Na ce cikin shessheƙa, "Hajiya, a takardar an rubuta tare da tawagar Banki, Talata da Laraba."

"Takarda! Wa ya buga takardar?"

Sai a lokacin na tuna sa hannun da ke ƙasanta: na Injiniya Sale.

Ranar Laraba ba a hana ni zuwa ba. Abin da aka yi mini ya fi haka: Injiniya da kansa ya nemi a sa ni a teburin rubuta sunayen mahalarta, a waje, bakin ƙofa, wai saboda rubutuna da kyau. A nan ina zaune mutanen Banki na gaskiya suka wuce ni. Babu mai kwat ko ɗaya. Wata dattijuwa mai furfura da takalmin kambas ta ce mini "sannu", na ce yauwa, na sunkuyar da kai. Hajiya dai ta ja ta gefe a wajen shayi kamar yadda ta tsara, sai dai hannu biyu babu komai, baki kawai. Matar ta saurara da gaske, ta ce tana so ta gani da idonta, ta nemi a canja wuraren da za a kai su. Injiniya ya ce da farin ciki.

Me zai hana shi farin ciki? Tun azahar ɗin Talata motocin tankar ruwa suka bi taswirata. A wuce injin niƙa, a karya hagu wajen kuka mai rami. Suka cika tankunan sama guda bakwai, ba su tsallake ko ɗaya ba (daga baya na ji wai direban ma ya yaba kwatancen). Rifkatu da ta bi tawagar ta ce duk famfon da aka murɗa sai ruwa shaa, yara na tsalle, ana ɗaukar hoto. Dattijuwar ta dubi Hajiya. Hajiya ta dubi ƙasa.

Ina jin haushin Injiniya, amma wallahi haushin mutanen jirgin bai gaza nasa ba. Duk macen da ta taɓa ɗora jarka a ka ta san famfon da ke aiki. Gindinsa da caɓi, da gansakuka a jikin siminti, da zuma na shawagi, da ƙasa da ƙafafu suka daddale. Waɗannan simintinsu fari ƙal, ga sawun tayar babbar mota ɗanye shar a gefe. Ba wanda ya ce a bari in kasa kunne in ji ko injin na ƙara. Ba wanda ya ce zan dawo ranar Asabar ni kaɗai. Sun zo da digirori daga bayan teku, an murɗa musu famfo sun ga ruwa, sun koma. Bayan 'yan watanni rahotonsu ya fito, yana yaba kyakkyawan haɗin kai tsakanin ofishin aiki da ƙungiyoyin farar hula. Haɗin kai kam an yi, tunda ni na rubuta musu jerin wuraren da za su rufe, da hannuna, da biro kala uku.

Kwana goma na yi ban iya komawa Miri ba, sai da Hajiya ta ce, "Da bakinki kika ɓata, da ƙafarki za ki je." Na sami Goggo Dije a tsakar gida, jarkoki jere a bayanta babu komai a ciki. Ta amsa sallama ba ta ba ni tabarma ba. Mai unguwa ya zo har gida ya yi mata faɗa gaban surukanta. Lawal kuma an sallame shi daga gadin, yanzu dako yake nema a kasuwa.

"Me na ce miki? Na ce waɗanda suka zo a jirgi. Shi wannan ɗin a wane jirgi ya zo?"

"Goggo, kwat ya sa..."

"Kwat! Mai gyaran rediyon unguwar nan ma yana da kwat. Je ki kai masa sauran sirrina."

Na durƙusa ina ba ta haƙuri, hawaye na zuba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Share fuskarki. Ruwa muke nema amma ba irin wannan ba." Ta yi tsaki. "Kwana huɗu dai mun sha na tanka, har tabarmi na wanke. Shekara guda muna kuka ba a kawo ɗigo ba, ke kin yi haukan minti goma an turo mota. In za ki sake, ki aiko tun da wuri mu ari jarkoki."

Ban san ko yafiya ce ba, ban kuma tambaya ba. Famfon dai har yau a bushe yake. Na sake zagaye unguwannin na rubuta sabon littafi, babu sunan kowa a ciki, babu taswira. Yana cikin durowar Hajiya a kulle, muna jiran zuwan tawaga na gaba da lokacin shayinsu. Ni kuma an yanke mini hukuncin riƙe kofi.

Abin da na koya shi ne, ashe jarumta ba ta da wuyar da nake tsammani, ko ni na iya ta. Tambaya ce mai wuya. Da na iya juyawa na raɗa wa matar da ke kusa da ni a kujerar baya, "Baiwar Allah, su waye waɗancan?", da yanzu Lawal na bakin aikinsa. Shi ya sa ko biki na je yanzu, kafin in yi wa amarya murna sai na tambayi na kusa da ni ko ita ce.